Daga Adaka Zuwa Bindigar Kaboyi: Tarihin Zaɓen Bindigar Farauta a Ƙasar Nguru da Gashuwa

  

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata gardama da ta daɗe tana yawo a majalisun samarinmu, musamman idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, aka fara jin gangar farauta. Gardamar kuwa ita ce, wace bindiga ce ta fi dacewa da babban nama? Wani ya ce mai baki biyu, wani ya ce mai sakata irin ta sojan da, amma mafi yawa sun fi karkata ga wadda suke kira bindigar kaboyi, wato mai liba a ƙarƙashi, wadda mu muka gani a silima, su kuma suke gani a waya. To, mu 'yan kasuwa ne, mun san ba a taya kaya sai an san asalinsa. Don haka bari mu koma baya mu ga yadda na gabanmu suka yi nasu zaɓen. Wanda ya bi tarihin a hankali zai ga abu uku ne kullum suke yanke wa maharbi hukunci: dabbar da ke dajin, hukumar da ke ƙasar, da kuma wanda zai gyara masa bindigar in ta lalace.

Dajin da aka tarar

Mu fara da dajin kansa, domin shi ne uwa ma ba da mama. Ƙasar nan da muke zaune, ta Mangawa da Badawa, tana bakin fadamar da kogin Haɗeja da kogin Jama'are suke malalawa kafin su haɗe su zama kogin Yobe, wanda ya bi ta Gashuwa da Gaidam ya nufi tafkin Cadi. Inda ruwa da ciyawa suke kuwa, nan nama yake. Baturen nan Denham, wanda ya iso Kukawa a 1823, ya rubuta cewa ya ga garken giwaye a bakin Cadi, ya kuma ga dorina a tafkunan da ke kusa da kufan Birnin Gazargamu, a kan wannan kogi namu. Tsofaffi kuma sun ba mu labarin mariya da barewa da gadu da kada a fadama, da jimina can wajen tudun rairayi na arewa.

A wancan lokaci makamin maharbi baka ne da kibiya mai dafin ƙwanƙwani, sai mashi da kare da tarko. Shi ya sa har gobe shugaban maharba sunansa Sarkin Baka, ko da kuwa kowa a bayansa bindiga ya rataya. Kibiya ba ta da ƙara, ba ta korar sauran garke, kuma abin haɗa ta duk yana nan cikin daji, ba sai an je kanti ba. Aibinta ɗaya ne, sai ka matsa kusa, kuma sai ka bi sawun dabba har dafi ya kayar da ita.

Yadda bindiga ta shigo

Bindiga ta daɗe a Barno, amma kayan sarki ce. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya samo 'yan bindiga Turkawa suka koya wa dakarunsa harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta. Can gida Kano ma, tarihi ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ka ga ke nan talaka maharbi bai isa ya ce ga irin wadda yake so ba. Albarushi da darma daga nesa suke zuwa, ko ta Sahara daga Tarabulus, ko ta Nufe daga bakin teku, kuma sarakuna ne suke fara tare su.

Mutanen wannan yanki sun san bambancin bindiga da bindiga ne a zamanin Rabe. A 1893 ya ci Barno ya ƙone Kukawa da rundunar da ba ta kai ta Shehu yawa ba, amma tana da horo, kuma cikin bindigoginta har da na zamani masu cin harsashi ta baya. Bai daɗe ba shi ma Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, da makaman da suka fi nasa. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Dokar da ta zaɓa mana adaka

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903 sun riga sun zauna sun yanke irin bindigar da baƙar fata zai riƙe. A 1890 manyan ƙasashe suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burusal na Beljiyam, wadda ta hana sayar da bindigogin zamani a wani faffaɗan yanki na Afirka, mu kuwa muna tsakiyarsa. Abin da aka bari a sayar wa jama'a shi ne tsohuwar bindiga mai ƙyastu, wadda cikin bututunta sumul yake, da albarushi na kasuwa. Ita ce adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka. Turawa suna jingina sunanta ga mutanen Denmak da suka yi cinikinta a bakin tekun Ankara ta ƙasar Gana, amma mafi yawanta a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙera ta.

Kowa ya san halin adaka. Ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a danna, a sa darma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa. Harbi ɗaya gare ta, in ka kuskure sai ta Allah. Ba banza aka yi mata laƙabi da harba-ka-ruga ba. Ba ta cin nesa, damina na hana ta tashi, in kuma aka cika mata ciki sai ta fashe a hannun mai ita. Maharban giwa na da, da suka ga darma ba ta ratsa fatar giwa yadda ya kamata, sai suka koma sa sango, wato gajeren mashi mai dafi, a bakin bindigar su harba. Wato dai dafin kakanni ne yake kisan, bindiga aike kawai take yi.

Duk da wannan aibi, adaka ta zauna daram fiye da shekara ɗari, kuma dalilin a fili yake ga duk ɗan kasuwa. Maƙerin gari yana iya gyara ta. Kunama ta karye, ya ƙera wata. Kota ta tsage, masassaƙi ya sassaƙa sabuwa. Ba ta neman harsashin kamfani mai lamba kaza. Kayan da ke da mai gyara a unguwa shi ke daɗewa a kasuwa, ko keke ne ko keken ɗinki.

Ita bindigar kaboyi fa?

To, yanzu mu zo kan wadda ake ta gardama a kanta. Asalinta Amurka ne. A 1860 wani mai suna Henry ya fito da bindiga mai ɗaukar harsashi 15 a cikin wani bututu da ke ƙarƙashin bakinta. Daga ita kamfanin Winchester ya gina nasa, ƙirar 1866, da ta 1873 wadda ta cika finafinan kaboyi, sannan ta 1894 wadda John Browning ya tsara, aka sayar da fiye da miliyan 7. Yadda take aiki shi ne, akwai wani ƙarfe mai kama da zobe a bayan kunama. In ka tura shi ƙasa sai ya tofar da kwanson da aka harba, in ka dawo da shi sama sai ya ɗora sabon harsashi ya ɗana. Ba sai ka sauke ta daga kafaɗa ba, kuma bahago da badame duk ɗaya ne a wajenta. Ba ta da nauyi, gajera ce, tana shiga kube a jikin sirdi. Turkawa ma sun gwada ta a yaƙi, a Filebna a 1877, inda suka yi wa sojan Rasha ɓarna mai yawa da ita.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Tunda harsasan a jere suke cikin bututu, kan wannan yana taɓa gindin wancan, ba a sa mata harsashi mai tsinin kai, don kada na baya ya tayar da na gaba. Harsashi mai dakusasshen kai kuwa ba ya cin nesa. Wanda aka fi saninta da shi, mai lamba .30-30 da ya fito a 1895, an yi shi ne don naman da bai wuce girman mariya ba, a tazarar da ba ta wuce mita 150 zuwa 200 ba. Wanda ya tunkari ɓauna da shi ya sayi rigima da kuɗinsa. Masu neman babban nama sai dai su koma ga manyan lambobi irin .45-70, ko .405 da tsohon shugaban Amurka Roosevelt ya riƙa lokacin da ya je farauta Afirka ta Gabas a 1909. Har ma akwai ƙasashe irin Tanzaniya da suka sa doka cewa ba a fuskantar giwa ko ɓauna da abin da bai kai .375 ba, don kada a ji wa dabba rauni ta shiga daji ta zama bala'i ga manoma da makiyaya.

Mai liba da ta fi yawo a Afirka ma ba ta kaboyi ba ce, Martini ce, wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1871. Ita ma tana da liba a ƙarƙashi, amma harsashi ɗaya take ci. Bayanta sai mai sakata, .303, ta karɓe fage a hannun soja da 'yan sanda. Ita kuwa Winchester ba ta taɓa zama bindigar maharbanmu ba, saboda abubuwa ukun nan da muka faɗa. Doka ta tare ta a bakin teku, harsashinta sai an yi oda daga waje, kuma cikinta ƙananan ƙarafa ne masu yawa da ƙurar hunturu ke cushewa, maƙerin gari bai san kanta ba. Da hali ya samu, abin da masu kuɗinmu da ma'aikatan En'e suka saya shi ne mai baki ɗaya ko mai baki biyu ta harbin tsuntsu, wadda harsashinta ke samuwa a kanti.

Akwai kuma darasin da finafinai ba su nunawa. Ƙasar da ta ƙera wannan bindiga tana da wani irin ɓauna nata, miliyoyi barkatai. Da jirgin ƙasa ya ratsa dajinsu, kamfanonin jima suka buɗe ciniki, maharba suka shiga da manyan bindigogi, kafin 1889 abin da aka ƙidaya ya rage bai fi dubu ɗaya da 'yan kai ba. Ku riƙe wannan, domin labarinmu ya yi kama da shi.

Jirgi ya iso, nama ya tafi

Mafi yawan iyayenmu jirgin ƙasa ne ya kawo su nan. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, garin da dama can mazaunin Galadiman Barno ne. Nan da nan ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da kanwa da shanu da fatu da ƙiraga, daga Barno da Damagaram da Manga. Kanawa da Katsinawa da Haɗejawa da Gumelawa suka yi ta sauka, Hausari ta cika. Gashuwa ita ma ta bunƙasa bayan da fadar Mai Bade ta taso daga Gogaram ta dawo cikinta a 1946, ga shi har yau akwai unguwar da ake kira Sarkin Hausawa. Masu ƙasa sun karɓe mu hannu biyu, sun ba mu wurin zama da gona da bakin ruwa. Wannan alheri ne da bai kamata mu manta ba.

Sai dai jirgin da ya kawo mu ya canza ma'anar farauta. Da, maharbi yana kashe abin da gidansa da unguwarsa za su ci ne, ya kai wa sarki cinya. Da hanya ta buɗe, fatar kada da ta damisa da ta mesa da ta guza suka zama kuɗi, busasshen nama ya samu kasuwa har Kudu. Maharbi yana harbi, amma mu 'yan kasuwa muke sa farashi. Idan ana lissafin abin da ya cinye dajin nan, sikelinmu yana ciki tare da bindigarsu.

Ba bindiga kaɗai ba ce, gaskiya. Annobar shanu ta wajen 1890 ta kashe ɓauna da gwanki kamar yadda ta kashe shanun Fulani. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci daji. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙone makiyaya. Aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadama kowace shekara ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse wani ya bushe. Hukuma ta yi nata ƙoƙarin a takarda. Turawa sun yi dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, gwamnatin soja ta ƙara da doka mai lamba 11 ta 1985 kan dabbobin da ke gab da ƙarewa. Amma kafin a farga, babban nama ya riga ya yi ƙaura. Yau mai son ganin giwa sai ya nufi Yankari a Jihar Bauci. Raƙumin dawa kuwa, irin na Afirka ta Yamma, sai a Nijar, wajen Kure kusa da Yamai, inda a 1996 saura 49 kacal suka rage, da aka tsare su kuma suka haura 600. Wannan ya nuna in an ɗaga wa dabba ƙafa tana dawowa.

Abin da ya rage mana na alfahari shi ne tsuntsaye. Kowane hunturu dubban agwagin ruwa da sauran tsuntsaye suna tasowa daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a Dagona da tafkin Nguru, su tarar da ɗinya da kirinjijiya na gida. Saboda su mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya zo Dagona a 1989. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, aka sa wannan yanki cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi, a 2000 kuma aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye. Bature ya taso daga ƙasarsa don ya kalli abin da wasunmu ke zuba wa guba a hatsi su kwasa a buhu. Wannan abin kunya ne, kuma cin amanar masu masauki ne.

Abin da doka da addini suka ce

Samari su saurara da kyau. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko na soja ne, irin su .303 da 7.62 da fistol da mai jigida, waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigar harbin tsuntsu da ta farauta wadda bakinta ba na soja ba ne, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne masu cin ɗuri ta baki, irin adaka, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka ɗaure kan tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda aka kama da ta kashin farko ba izini, ɗaurin shekara 10 ke jiransa. A yankin da ya sha wahalar Boko Haram kamar namu kuwa, yaron da aka tare a shingen bincike da bindiga a buhu, bayanin cewa farauta za shi ba zai fisshe shi da wuri ba, kuma sunan al'ummarmu gaba ɗaya zai shafa wa baƙi. Maharban da suka taru a Maiduguri a 2014 suka nemi shiga Sambisa, da na Adamawa da suka taimaka wajen ƙwato Mubi a shekarar, sun samu girma ne domin a fili suka fito, ƙarƙashin shugabanninsu, da sanin hukuma.

Ta fuskar addini, duk wanda ya karanta Risala a Islamiyya ko a zaure ya san farauta halal ce ga mai neman abinci ko abin masarufi, amma yin ta don wasa kawai makaruhi ne. Malaman Malikiyya na baya sun halatta naman da aka harba da darma, in an ambaci sunan Allah lokacin harbin, wanda aka riska da rai kuma a yanka shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kyautatawa ko a wajen kisa, ya kuma hana a mai da mai rai abin gwajin saiti. Saboda haka harbin babbar dabba da ƙaramin makami, ta tafi da rauni tana wahala, da harbin mai ciki ko mai shayarwa, da sa wa daji wuta don a kori zomo, duk sun saɓa wa abin da aka karantar da mu.

Shawararmu

To jama'a, in muka auna bindigar kaboyi da ma'aunin nan uku na magabata, amsa ta fito da kanta. Naman da aka yi ta dominsa babu shi a dajinmu, takardarta sai an kai ga Abuja, mai gyaranta da harsashinta babu su a Nguru balle Gashuwa. Kuɗin da za a zuba a kanta ya isa jarin kifi ko injin ban ruwa.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su zauna da Sarkin Baka da masu unguwanni da hakimai, a rubuta sunan duk ɗanmu mai fita farauta, a tabbatar yana da takarda. A daina fita da damina lokacin da nama ke haihuwa. A nisanci Dagona da sauran wuraren da aka keɓe. Mu 'yan kasuwa kuma mu ɗaure wa kanmu cewa ba za mu sayi fatar dabbar da doka ta hana ba, ko tsuntsun da aka kama da guba, domin in babu mai saye babu mai harbi. Tsofaffin maharbanmu da suka rage, a je a zauna da su a rubuta abin da suka sani na sawu da iska da magani da kirari, tun ba su tafi da shi ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka sauka a wannan ƙasa, Ya saka wa masu masaukinmu da alheri, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Jihar Yobe da Nijeriya lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.